Ranar da Baba Riskuwa Ya Tare Mana Matakala

Duk mai bin hanyar Badariya da sassafe ya san tsohon mashin ɗin nan da tarinsa ke riga shi isowa, ya kuma san dattijon da ke kansa, tef ɗin awo a ƙugu, guntun alli a bayan kunne. Baba Riskuwa ke nan, hediman magina. Yana idar da sallar asuba zai sha kunun da Inna Baiwa, matarsa, ta dama masa, ya kama hanya, don a wurinsa abin kunya ne lebura ya riga shi isa wurin aiki. In ya isa ba ya gaisawa da kowa tukuna. Ƙarƙashin dekin yake fara shiga, wato rufin kankaren nan da ake zubawa ya zama daɓen bene, ya bi gorar da aka tokare katako da ita yana girgizawa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta motsa sai ya shafa mata alli. Kafinta in ya zo ya tarar da alli, ya san yau zai sha magana kafin ya sha ruwa. Daga nan ya hau sama, ya duƙa a kan rodi yana auna tazara, yana jan wayar ɗauri da yatsa ya ji ko wani ya yi ha'inci. Sai ya gama duk wannan sannan ya juyo ya ce da jama'a, "To, ina kwananku?"

Shekara arba'in da ɗaya yana haka. Watan jiya ya zuba dekinsa na ƙarshe, don gwiwa ta ce ta gaji da hawa tsani, ido kuma ya fara yi masa gardama da lambobin tef. Ba wanda zai shirya masa walima. In gini ya yi kyau sunan mai gida ake kira, in an yi kara a ambaci injiniya. Ni dai ba zan bar shi ya koma gida shiru ba, domin a ƙasan benenmu akwai mutum shida da suke raye yau da ikon Allah da taurin kan wannan bawan Allah. Sunana Ummi, 'yar Alhaji Tamba mutumin Gulma, malamar makaranta ce ni, kuma abin da zan faɗa a gabana aka yi.

Baba Riskuwa ɗan Argungu ne, ubansa mai fito ne a gulbi. Da kwanon kankare a ka ya fara, ya koma ɗaurin rodi, ya shiga ajin yamma ya koyi karatun zane. Ba injiniya ba ne, kuma in ka kira shi haka sai ya gyara maka. Injiniya ke zane da lissafi, shi kuma ya mai da takarda ta zama gini. Amma abu ɗaya ya shiga jininsa wanda masu digiri da yawa suka bari a aji, shi ne sanin abin da gini zai ɗauka.

Na sha jin yadda yake koya wa sababbin ma'aikata, kullum daga jirgin babansa yake farawa.

"Jirgin babana na da nauyi nai," in ji shi, "itacen da anka sassaƙa shi da shi. Wanga ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Sannan ga abin da aka aza mai: mutane, awaki, buhun albasa. Yau kaɗan, gobe ran kasuwa ya yi yawa. Ban taɓa ganin jirgin da nauyin kainai yan nutsar ba."

Haka gini yake. Kankaren dekin, bim ɗin da ke gittawa a ƙarƙashinsa ya tallafe shi, ginshiƙi, bulo, filasta da tayil, duk nauyi ne da ke zaune tun ranar da aka gama aiki, ba ya zuwa ko'ina. Injiniyoyi suna ce masa mataccen nauyi. Mutane, gadaje, kabad, ruwa a duro, buhun hatsi, duk abin da ake shigowa da shi a fita da shi, suna ce masa nauyi mai rai. Baba Riskuwa shi kuwa ɗan gida da baƙo yake ce musu. Ɗan gida ka san shi, kana iya auna shi a takarda tun kafin a haƙa tushe. Baƙon ne mai wuya, don mai gida ne kaɗai ya san wanda zai gayyato, shi ma sau da yawa bai sani ba.

Shi ya sa kafin ya taɓa kowane aiki sai ya yi tambayarsa, tambayar da ta zama sunansa a bakin leburori, har in ba ya kusa sukan ce, "Ga Mi-za-a-aza nan tafe." Kuma ba ya tsayawa a amsar mai gida. Sai ya nemi izini a yi masa iso ya gaida uwar gida daga bakin ƙofa, ya tambaye ta ita ma. Ya ce namiji in ka tambaye shi abin da za a sa a ɗaki, abin da yake so baƙi su gani yake gaya maka. Mace ita ce ta san abin da zai kwana a ciki.

Ku tambayi Mama Ajoke mai gidan abinci a bakin kasuwa. Ta sayo tankin ruwa mai cin lita dubu biyu, ta ce a ɗora mata a kan rufin kicin, wurin da 'yan mata huɗu ke tuƙa tuwo. Ya ɗaga tankin da hannu ɗaya ya ce ai babu nauyi, ta ce to ka gani. Sai ya ce, "Mama, kin yarda in aza maki mota bisa kan yaranga, da direba da hwasinja?" Ta ce Allah ya kiyaye. Ya ce to in tankin ya cika ya fi haka. Ta yi fushi na kwana biyu, sannan ta bari ya gina wa tankin ƙafafunsa daban a tsakar gida. Har yau in ya biya ta wurin sai ta ƙara masa nama, tana yi tana mita.

Benenmu shi ya gina, shekara goma sha biyar ke nan. Baba, wato mahaifina, ya daɗe yana noman shinkafa a fadamar Gulma kafin Allah ya hore masa ya yi gida a Birnin Kebbi. Sama namu, ƙasa kuma shago ɗaya da ɗaki biyu, waɗanda tun farko Nwachukwu ya kama haya. Nwachukwu yana sayar da injin ban-ruwa da kayan gyaransa. Tun yana saurayi ya zo garin nan, Hausar Kabi a bakinsa ta fi tawa zaƙi, kuma a ɗakunan nan biyu Maman Princess ta haifa masa 'ya'ya huɗu. Ɗakin kwanansu yana daidai ƙarƙashin falonmu.

Lokacin ginin an yi wa Baba tambayar, ya ce, "Mutane da kujeru." Aka je wurin Innarmu. Tana bayan labule ta ce, "Malam, mutumin Gulma na. Ko'ina yag ga wuri busasshe sai ya aza buhu." Baba Riskuwa ya naɗe zanen ya koma wurin injiniya. Aka ware ƙaramin ɗakin gabas, aka ƙara masa rodi, aka sa masa bim a ƙasa. Ranar da ya miƙa makulli ya kama hannun Baba ya kai shi har ƙofar ɗakin ya ce, "Alhaji, wanga ɗaki na shinkahwa na. Hwalo na mutane na." Baba ya ce ya ji. Ya ji ɗin kuwa, shekara goma falonmu bai ga buhu ba.

Sai shekarar babbar ambaliya. Gulbi ya cika ya tumbatsa, ya cinye shinkafar damina tun tana kore, sannan ya nufo gari. Abin da ya rage wa danginmu shi ne shansherar rani, shinkafar da ba a cashe ba, wadda ke ajiye a rumbuna. Abincin gida goma sha ɗaya ke nan, kuma a ciki za a fitar da irin shuka. A jirgi aka fito da ita zuwa bakin titi, aka loda a mota, aka nufo Birnin Kebbi, don duk dangi Baba ne kaɗai mai bene. Wa zai ce a'a? Ɗakin gabas ya ɗauki buhu arba'in ya cika. Saura kusan ɗari biyu, wasu ruwa ya taɓa su sun ƙara nauyi. Aka jera su a falo, hawa shida, har ba a ganin taga. Ba zan ɗora wa Baba shi kaɗai ba. Ni da hannuna na janye kujeru don a sami wuri, ina ta jin daɗi muna taimakon 'yan'uwa.

Kwana biyu shinkafar tana nan. A rana ta uku da safe Maman Princess ta ga ƙofar ɗakinsu ta ƙi rufuwa, ga garin filasta a kan katifar yara. Nwachukwu ya ji nauyin tunkarar Baba da ƙorafi a irin wannan lokaci, mutum yana fama da dangi da ruwa ya kora. Sai ya hau kabu-kabu ya je ya ɗauko Baba Riskuwa daga wurin aiki.

Ina tsaye a ƙofar ɗakin lokacin da Baba Riskuwa ya shiga. Ya ɗaga kai. Akwai wata tsaga siririya kamar zare da ta ratsa tsakiyar rufin. Ya taka kujera ya ja alli daidai inda ta tsaya, ya sauko, ya ce a ba shi ruwa. Ya sha a hankali. Da ya ajiye kofi ya sake ɗaga kai, tsagar ta wuce allin da faɗin yatsa biyu.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Maman Princess, ɗauki ƙaramin. Ku hita dut. Kar wanda yat tsaya neman takalmi." Ya juyo gare ni. "Ummi, mi kunka aza bisa?"

Na gaya masa. Ya rufe ido kaɗan, ya buɗe, ya ce in hau ta gefen bango in fito da kowa. Ya buga waya aka kawo gora da katako a keke mai ƙafa uku, shi da kafintansa suka shiga suka tokare rufin, su biyu kawai, bai bar kowa ya leƙa ba.

Baba yana dawowa daga tasha ya tarar da iyalinsa da 'yan hayarsa a titi, wasu ba takalmi. Mutum ne mai zuciya, ga kwana uku bai yi barcin kirki ba.

"Riskuwa, lahiya? Wa yam mutu?"

"Ba kowa, Alhaji, kuma so nika a wuni haka. Hwalonka an yi mai lissahin kamar buhu biyu ga kowane taki guda. Sha biyu kunka aza. Dekin ya hwara tsagewa."

"Kai kag gina shi! Ko aikin banza kay yi man?"

"Ni nig gina shi, shi yas sa nis san abin da shika iya ɗauka. A sabke shinkahwa yanzu."

Baba ya leƙa ta taga ya ga gora a tsaye a tsakiyar ɗakin mutane, ya ga tsagar. Sai ya yi abin da duk ɗan fadama zai yi in aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya, ya kira gayya. Samarin Gulma da suka rako shinkafa suna zaune a inuwa, maƙwabta sun riga sun taru. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, a taimaka! A hau a kwashe!" Mu mutanen gulbi ba a kiranmu sau biyu. Ƙarti fiye da talatin suka tuɓe riguna suka nufi matakala a guje.

Suka tarar da Baba Riskuwa a taki na uku, ya buɗe hannuwa ya dafa bango da bango.

"Mutum biyu," in ji shi. "Biyu ɗai ka hawa."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. Baba ya kutso gaba yana huci.

"Kai kac ce gini za shi hwaɗi. Na kawo mutane su kwashe, ka tare hanya? Gidana na ko naka?"

"Naka na, Alhaji. Amma kowane ƙato nan buhu guda na. In talatin sun hau, buhu talatin kaƙ ƙara. Kuma buhu ba ya gudu, ba ya dire kaya. Su suna yi."

"Ɗan ɗaurin waya!" in ji Baba, a gaban kowa. "Kai da ba ka da ko kunya guda ta gona, kai za ka koya man yadda aka ceton abinci? Kauce man!"

Har yau in na tuna kalmar nan kunya takan rufe ni. Dikko, ɗan yayan Baba, ƙaton gaske, ya sa kafaɗa ya banke Baba Riskuwa. Dattijon ya bugu da bango, gwiwar hannunsa ta ɗaye, ya dawo ya sake dafa bangon. Bai rama ko da kallo ba.

Baba Riskuwa, kai ne ka tsaya a wurin nan kai kaɗai, ba ka da sanda, ba ka da takardar hukuma, mai gida yana zaginka, jama'a suna ganin kai ne mugun da ke hana alheri. Da ka kauce ba mai ganin laifinka, ai ka faɗi gaskiya an ƙi ji. Daga baya na tambaye ka ko ka ji tsoro, ka ce mini i mana, ka ji tsoro, ba na Dikko ba, na ka ji ƙarar da ka taɓa ji sau ɗaya kana yaro lebura, ranar da wani dekin ya sauko da mutane a kai. Ka ce wanda ya ji ta sau ɗaya ba ya buƙatar a sake koya masa lissafi.

Nwachukwu ne ya fara matsowa. Ya hau taki ɗaya ya tsaya a gaban Baba Riskuwa, ya fuskanci Baba, ya rusuna.

"Alhaji, shekara goma ban taɓa yi maka musu ba. Ɗiyana huɗu ka kwana ƙarƙashin wuringa. Don Allah a yi yadda Baba Riskuwa yac ce."

Baba ya ce, "In an sabke a sa ta ina? Ga ruwa tahe. A bar ta titi ta tsira?"

Nwachukwu ya zaro makullin shagonsa. "A hidda injuna waje a ruhe da tampol. Ƙarhe ba ya tsiro. A zuba shinkahwa shago, ƙasa ba ta gajiya."

Sai Innarmu ta gyara mayafi. Ta ratsa ƙartin nan, Baba Riskuwa ya janye mata hannu ɗaya, ta hau har saman matakala ta zauna a bakin ƙofar falo, ta miƙe ƙafa. Duk Gulma ba a haifi namijin da zai tsallake ƙafar Inna ba. Nan hayaniya ta mutu.

Daga nan aiki ya koma hannun mai shi. Ya jera jama'ar gayya a matakala, mutum ɗaya a kowane taki biyu, layi ya miƙe har ƙofar shago. Ya ce masu shiga falo su cire takalmi, su bi gefen bango, kada a jefar da buhu, kada a ja shi a ƙasa, kuma a fara rage tsakiyar ɗaki, don can ne dekin ya fi jin jiki. Da aka ce wa da wa za su fara, sai ya ce, "Ni da Dikko." Dikko ya sunkuyar da kai. Baba Riskuwa ya dafa shi ya ce, "Na ji ƙarhinka ɗazu, kada shi tahi banza." Mutane suka yi dariya, dariyar farko a ranar.

Tun hantsi ake yi. Biyu su gaji, biyu su karɓa, Inna tana janye ƙafa tana mayarwa kamar mai gadin ƙofa. Buhu yana bin hannu zuwa hannu. Duk bayan buhu ashirin sai Baba Riskuwa ya sauko ya leƙa rufin ɗakin Nwachukwu ya ja sabon alli. Sau uku tsagar tana wuce allin. A na huɗu, wajen azahar, ya fito ya ce, "Ta tsaya." Maman Princess ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, Inna Baiwa da ta kawo wa mijinta abinci ta rungume ta, alhali ranar suka fara ganin juna. Ana kiran la'asar buhun ƙarshe ya shiga shago, ruwa ya kece. Ko buhu ɗaya bai lalace ba. Gida goma sha ɗaya suka ci har rani, suka fitar da iri.

Bayan kwana biyu Baba Riskuwa ya zo da injiniya. Mutumin ya fasa filasta ya duba, ya hau ya sauko. Da aka ba shi labarin gayya, sai ya dubi Baba Riskuwa ya miƙa masa hannu biyu. Aka gina sabon ginshiƙi da bim a tsakiyar ɗakin Nwachukwu. Yana nan har yau, Maman Princess ta buga masa ƙusa tana rataye kalanda.

Na Baiwa, ɗan mai fito, gora mai tokare gidan wani. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba tsayuwar matakala ba ce, abin da ya biyo baya ne. Shekara biyar Baba bai yi maka magana ba. Ba gaba ba ce, ni 'yarsa ce na sani, kunya ce ta ɗaure shi. In ya hango ka sai ya tuna yana da saƙo a wani layin. Kai kuwa ba ka taɓa ba kowa labarin zagin nan ba. A masallacin Juma'a kai ke fara miƙa masa hannu, ya karɓa yana kallon ƙasa. Duk farkon damina sai ka biyo ta gidanmu, wai ka zo gaida Nwachukwu, ka ɗaga kai ka dubi rufi, ka sha ruwa ka tafi. Ka ɗauka ba mu lura ba.

Watan jiya muna karin kumallo Baba ya ji Nwachukwu yana cewa yau Baba Riskuwa zai zuba dekinsa na ƙarshe, wani ɗan gini a garinsu Argungu. Ya ajiye cokali. Ya ce da ni, "Ce ma Nwachukwu ya hiddo mota." Mu uku muka tafi. Har muka isa yana ta kallon fadama ta taga.

Mun tarar ana tsakiyar aiki, injin kwaɓa yana ruri, leburori suna hawa da kwanoni. Baba ya sauka da sandarsa ya ce a kashe injin. Ba wanda ya san shi a wurin, amma murya ce da ba a yi wa musu. Baba Riskuwa ya sauko daga tsani a hankali, siminti har gira.

"Alhaji? Lahiya dai?"

"Riskuwa, gaban mutane niz zage ka. Ba ni roƙonka gahwara cikin ɗaki. Shekara biyat, dut ran da nij ji ɗiyan Nwachukwu na dariya ƙasa, sai in ce ma kaina, Tamba, da an bar ka da kai kab binne su. Su da ƙartin da kak kira. Ban iya hwaɗa maka ba. Yau na zaka."

Sai ya jingina sanda, dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai, ya durƙusa a kan tsakuwa. Baba Riskuwa ya ce, "Subhanallahi, Alhaji!" ya yi sauri shi ma ya durƙusa don kada a ce an durƙusa masa. Ya kama hannuwan Baba ya ce, "Abincin gida sha ɗaya kaka ƙoƙarin ceto. Mai yin haka ba a riƙe shi a zuci. Ban kwana da kai ba ko ran nan."

Suka daɗe a haka. Da suka zo tashi, gwiwa huɗu ba wadda ta amsa. Sai da Nwachukwu ya shiga tsakani, ya sa wannan a hannun dama, wancan a hagu, ya ɗago su yana share ido da kafaɗa. Leburori suna dariya, ni ina kuka, ban ma damu da wa ke kallona ba.

Baba Riskuwa, mun gode. Na gode a madadin Inna, da Dikko wanda yanzu ba ya bari a jibga buhu a kowane bene sai ya tambaya, da gida goma sha ɗaya na Gulma, da Princess da ƙannenta uku, waɗanda ba su san komai game da ranar ba sai cewa sun wuni a titi ba takalmi. Gidajen da ka gina suna tsaye daga Badariya har Argungu, ba ko ɗaya da ke ɗauke da sunanka, mutane suna barci a ƙarƙashinsu ba tare da sun taɓa ɗaga kai ba. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sa ka huta a inuwar da ba ta tsagewa, ya saka wa iyayen da suka haife ka.

Ku matasan da ke riƙe da tef da zane yau, ga wanda za ku duba. Ku san nauyin ginin, ku san nauyin mutanen da za su shige shi da halinsu da buhunansu, kuma in ranar tsayuwa ta zo ku tsaya, ko mai gida ne ke ce muku ku kauce. Mu kuma masu gida, in Allah ya haɗa mu da ma'aikacin da zai iya duban idonmu ya ce a'a, mu riƙe shi da kyau. Baba ya ce lallai in rubuta wannan da sunansa a ciki, in kuma gaya muku shi ya yi sa'a ya tarar da nasa da rai. Kada wani ya jira shekara biyar.